HAWAN JINI DA RAUNIN MAZAKUTA: RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗalibi ɗan asalin Lolo ya gabatar a zauren taron ƙungiyarmu. Mun buga shi kamar yadda ya karanta shi, saboda yawan waɗanda suka nemi a ba su kwafi.)



Kafin in kama abin da ya tsayar da ni a gabanku, wajibi ne in nemi gafarar waɗanda suka girme ni a wannan zaure, domin batun da na zaɓa yana cikin waɗanda tarbiyyarmu ta hana yaro ya ɗauko a gaban manya. Sa'ad da na miƙa wa sakataren ƙungiya kan jawabin nan, sai da ya karanta shi sau biyu, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Kai da ko aure ba ka yi ba, me ya kai ka?" Na ce masa abin da ya kai ni shi zan fara faɗa in an ba ni dama. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa a ganina ranar wankan ta zo. Zan yi iyakar ƙoƙarina in tsare harshena, in kuwa wata kalma ta yi wa kunne nauyi, to a yi mini afuwa.

Ni mutumin Lolo ne, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Garinmu yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, wadda kakanninmu suka sani da sunan Dahome kafin a sake mata suna a 1975, Kogin Kwara kuma bai yi mana nisa ba. Noman shinkafa da albasa da kamun kifi da fatauci su ne sana'o'inmu. Mutuminmu yakan karya kumallo a gida, ya je ya ci kasuwar Malanbil a tsallaken iyaka, ya komo ya kwana cikin iyalinsa. A irin wannan wuri kaya suna ƙetarewa ta kowace fuska, magunguna kuwa suna cikin kayan.

ABIN DA IDONA YA GANI

Akwai wani aminin mahaifina, wanda nake kira Baba, falke ne na albasa, mai mata biyu, shekarunsa sun ɗan haura hamsin. Damina biyu da suka wuce, ina gida hutu, ciwon kai da jiri suka matsa masa, aka ce in raka shi asibiti tun da ni ne ɗan boko mai karanta kati. Aka ɗaura masa ma'auni a damtse, aka sami 180 bisa 110. Likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta masa ƙwayoyi iri biyu, ɗaya daga cikinsu mai sa yawan fitsari, ya kuma gargaɗe shi kada ya bar sha ko da ya ji sauƙi. Baba ya yi godiya, muka komo, ni kuma na dawo makaranta.

Bayan wata takwas aka aiko mini cewa Baba ya faɗi a fadama yana ban ruwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka yi ta fama da shi a hanya har Birnin Kebbi. Da likitan can ya nemi a kawo masa magungunan da majinyaci yake sha, uwargidansa ta ba ni wani gwangwani da ke ƙarƙashin gadonsa. A ciki na tarar da ƙwayoyin hawan jini na wata biyar ba a ko ɓare su ba. Yana aike a sayo kowane wata don kada iyali su yi tambaya, amma ba ya sha. Kusa da su akwai ƙulle-ƙullen garin magani, da wasu 'yan fakiti masu hoton doki da rubutun Faransanci, da maganin ciwon jiki.

A bencin asibiti wani abokin wasansa ya warware mini zancen. Ya ce tun kafin a je asibiti da kamar shekara guda Baba ya fara ganin ƙarfinsa wajen iyali yana raguwa, sai ya ɗauka basir ne. Da ya fara shan ƙwayoyin sai abin ya ƙaru, amarya ta fara zargin ya daina sonta, uwargida ta fara zargin amarya ta yi masa asiri. Wata rana a majalisa ya ji ana cewa maganin hawan jini yana kashe namiji da ransa. Daga ranar ya ajiye. Da na gaya wa likita wannan, ya yi shiru, can ya ce, "Da ya faɗa mini, maganar minti biyar ce, in sake masa wata ƙwayar."

Yau Baba yana nan da ransa, yana jan ƙafa da sanda. An sayar da injin ban-ruwansa da bijimai biyu wajen jinya. Kalmar likitan nan ta minti biyar ita ta hana ni barci, ita ta sa na shiga karatu da tambayar masana, ita ce kuma ta tsayar da ni a gabanku yau.

MENE NE HAWAN JINI?

Zuciya famfo ce, jijiyoyin jini kuwa su ne bututun da take tura jini ta cikinsu. Ma'aunin asibiti yana ba da lamba biyu. Ta sama tana nuna ƙarfin turin jini sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma tana nuna abin da ya rage sa'ad da ta saki. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in aka auna mutum a ranaku biyu dabam-dabam aka sami lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to yana da hawan jini. Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna mutum wajen biliyan 1.3 suke da shi, watau kusan ɗaya cikin kowane manya uku, rabinsu kuma, ko kusa da haka, ba su san suna da shi ba, huɗu cikin biyar kuwa ba sa samun maganin da ya wadatar. Abin da ya sa ya zama mugun ciwo shi ne yakan shekara goma a jikin mutum bai sa shi kwanciya ba, alhali a ɓoye yana cin zuciya da ƙoda da idanu da ƙwaƙwalwa.

INA HAƊINSA DA MAZAKUTA?

A nan zan ari misali daga fadamar garinmu. Manomin rani yana da inji a bakin ruwa, da babban tiyo, da ƙananan magudanai masu kai ruwa kowane fangali. In ruwa ya yi ta zuwa da ƙarfin da ya wuce kima, yana ɗauke da laka, wace hanya ce za ta fara lalacewa? Kowane yaro a Lolo zai ce muku ƙaramar ce.

Allah ya halicci gaban namiji da wasu sassa biyu masu kama da soso. In sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ta jijiyoyin ji, sai su da shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jini su saki wani sinadari da ake kira naitirik oksaid. Wannan sinadari shi yake sa naman jikin jijiya ya saki, hanya ta buɗe, jini ya kwararo ya cika soson nan, cikar kuma ta danne hanyoyin da jini yake bi ya koma. Haka ƙarfi yake samuwa, haka kuma yake daɗewa. Masana uku na Amurka, Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad, sun sami kyautar Nobel a 1998 saboda gano aikin wannan sinadari a jijiyoyin jini.

To, hawan jini in ya daɗe yakan kaurara bangon jijiya, ya sa ta yi tauri, ramin cikinta ya ƙuntata, ya kuma raunana shimfiɗar nan mai fitar da sinadarin. Jijiyar da ke kai jini ga mazakuta faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya milimita 3 zuwa 4, ta wuya mai zuwa ƙwaƙwalwa kuwa ta fi su duka. Saboda haka ɓarnar da babbar jijiya za ta jure shekaru, ƙaramar ba ta iya jurewa. Likitocin zuciya sun lura cewa a jikin maza da yawa raunin mazakuta yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekara biyu zuwa biyar. Ashe ke nan abin da Baba ya gani tun kafin a auna shi gargaɗi ne jikinsa yake yi masa, shi kuwa ya fassara shi da basir. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kada kuma wanda abin ya sama ya zaci shi kaɗai ne. Wani bincike da aka yi a jihar Masacusets ta Amurka, aka buga a 1994, ya sami kashi 52 cikin ɗari na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni, daga kaɗan zuwa mai tsanani, ya kuma fi yawa ga masu hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Taba sigari da giya da ƙiba da zaman wuri ɗaya duk suna ƙara shi. Damuwa ma tana da nata rabo: bashi, da rigimar gida, da tsoron kada abin da ya faru jiya ya sake faruwa yau. Likitoci sukan yi wata tambaya don rarrabewa. In mutum yana farkawa da ƙarfinsa da asuba, raunin kuma ya zo masa farat ɗaya, an fi kyautata zaton daga tunani ne. In kuwa a hankali abin ya yi ta raguwa har na asubar ya ɗauke, sai a duba jijiyoyi.

SHIN MAGANIN YANA DA LAIFI?

Malam Shugaba, ba zan tsaya a nan in ce mutanen majalisarmu ƙarya suka yi ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, in kuwa muka musa abin da mutum ya ji a jikinsa ba zai sake saurarenmu ba. Wasu magungunan hawan jini, musamman na dauri, suna iya rage ƙarfin wasu maza. Daga cikinsu akwai masu sa fitsari na dangin tayazaid, da masu rage bugun zuciya irin su furofaranolol da atenolol, da kuma metildofa, wanda iyayenmu suka fi sani da sunan Aldomet. Tun a 1981 wani babban gwaji da aka yi a Ingila ya nuna cewa maza masu shan tayazaid sun fi waɗanda ba sa sha kukan wannan rauni.

Amma akwai abu uku da majalisa ba ta faɗa ba. Na farko, mafi yawan masu shan waɗannan magunguna ba sa ganin wani canji. Na biyu, akwai wasu da ba a san su da wannan illa ba sai nadiran, kamar amlodifin da lisinofiril da losatan, har ma wasu bincike sun nuna dangin losatan yana iya gyara al'amarin. Wani gwaji da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe 6 na Afirka, aka buga a 2019, ya nuna haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Watau likita yana da zaɓi mai faɗi, in dai an gaya masa.

Na uku shi ne aikin tsoro. A 2003 wasu likitoci a Italiya suka ɗauki maza 96 masu ciwon zuciya da jijiyoyin jini waɗanda ba su da raunin mazakuta, suka kasa su gida uku, 32 a kowane gida, suka ba su atenolol iri ɗaya. Gida na farko ba a gaya musu sunan maganin ba, na biyu aka gaya musu suna kawai, na uku aka gaya musu suna da cewa yana iya rage ƙarfi. Bayan wata uku, mutum 1 ne ya yi kukan rauni a gida na farko, 5 a na biyu, 10 a na uku. Ƙwaya ɗaya ce, abin da kunne ya ji ne ya bambanta. Ku duba fa irin ɓarnar da zancen majalisa yake iya yi.

Wanda ya ajiye maganinsa don ya ceci ƙarfinsa, garin neman gira ne zai rasa ido. Jinin zai koma ya hau, ya ci gaba da cin jijiyoyin nan da ƙarfin ya dogara a kansu, sa'an nan ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda suna jira. Masu rage bugun zuciya kuwa, barinsu farat ɗaya yana da haɗari na musamman, domin zuciya takan zabura.

KASUWAR MAGANIN MAZA

Babu ranar kasuwa a ƙasarmu da ba za ka ji lasifika tana tallar maganin ƙarfin maza ba, mai talla yana jera basir da sanyi da zaƙi, yana faɗin abin da ko a ɗaki ba a faɗa. Abin mamaki, mutumin da yake jin nauyin likita a ɗaki rufe shi ne zai miƙa kuɗi ga wannan mai talla a bainar jama'a.

Ya kamata mu san asalin ƙwayar da ake yawan cusawa cikin irin waɗannan kaya. Sunanta sildenafil. Kamfanin Pfizer ne ya haɗa ta a Ingila da nufin maganin ciwon ƙirji na zuciya, sai aka ga ta fi aiki a wani wurin, aka amince da ita a Amurka a watan Maris na 1998 da sunan Viagra. Aikinta shi ne ƙarfafa saƙon sinadarin nan da na ambata, don jijiya ta daɗe a buɗe. Magani ne na gaskiya, kuma mai hawan jini wanda jininsa ya daidaita yana iya shan sa in likita ya duba zuciyarsa ya yarda. Amma tun da buɗe jijiya yake yi, in ya haɗu da magungunan ciwon ƙirji na dangin naitiret, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, jini yakan faɗi warwas, mutum ya suma, wani ma ya tafi ke nan. Ɗan'uwansa tadalafil yakan kai awa 36 yana aiki a jiki. Ku ƙaddara mutum ya sha wani gari ko zuma da aka ce masa tsantsar itace ce, alhali an zuba wannan a ciki, sa'an nan ciwon ƙirji ya kama shi aka kai shi asibiti. Likita zai ba shi naitiret da kyakkyawar niyya, shi majinyacin kansa bai san abin da ya sha ba balle ya faɗa. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni saboda an sami waɗannan sinadarai a ɓoye cikin zumar da suke sayarwa, hukumarmu ta NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ma ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan haɗe-haɗe.

Akwai wani haɗarin kuma. In gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, to a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, domin jinkiri yana kashe naman wurin har abada. Masu amosanin jini sun fi kowa shiga wannan haɗari.

Mu mutanen bakin iyaka namu ya fi na kowa, gama fakiti yakan zo mana da Faransanci ko wani harshen da ba mai karantawa, ba lambar rajista, ba a san rana nawa ya yi a cikin zafin rana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. A 2017 ɗin ce gwamnatin Benin ta kai samame kasuwar magunguna ta Ajegunle a Kwatano, ta kwashe tan-tan na kaya. Daɗin daɗawa, maganin ciwon jiki irin dikulofenak da ibufurofen, wanda manomanmu suke sha kamar gyaɗa bayan aikin gona, yana ɗaga jini yana kuma wahalar da ƙoda. Taramol da samari suke sha da sunan ƙarin kuzari, ƙarshensa kamu ne da mutuwar sha'awa. An gudu ba a tsira ba.

ABIN DA KE CIKIN TUKUNYA

Ƙasarmu ta daɗe da sanin gishiri. Tun zamanin kakanni fatake suke sauko da gishirin Foga daga wajen Gaya, ga kanwa, ga kifi mai gishiri, yanzu kuma ga dunƙulen magi da ake jefa uku ko huɗu a miya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da burodi da yajin tsire. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri. A shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun danganta ciwon zuciyar da ke kama mata masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego. Magidancin da yake shan jiƙon kanwa kullum da sunan wanke ciki, ya sani jininsa yake ɗagawa.

Rage gishiri, da barin taba, da rage tumbi, da tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, watau rabin awa a kwana biyar, suna saukar da jini, suna kuma taimakon ƙarfin namiji, tun da jijiya ɗaya ce ake gyarawa. Wannan gargaɗi ya fi shafar ku ma'aikata, waɗanda daga kujerar ofis sai ta mota, daga ta mota sai tabarmar majalisa.

ZAMAN IYALI

'Yan'uwana mata, wannan magana taku ce kamar yadda take tamu. A gidan Baba an yi wata shida ana gaba tsakanin mata biyu, an kashe kuɗi wajen masu duba, an ɓata sunan baiwar Allah da zargin sammu, alhali ciwo ne na jijiya. Matar da ta san wannan za ta rufa wa mijinta asiri, ta rage gishiri a miya, ta lallashe shi ya koma asibiti. Gori da habaici kuwa ƙara wa ciwon ƙarfi suke yi.

Malamanmu na fiƙihu ba su ji kunyar wannan babi ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an yi bayanin cewa wanda ya yi aure ya kasa kusantar matarsa ana jinkirta masa shekara guda kafin a ba ta zaɓin rabuwa. Ashe tun fiye da shekara dubu da suka wuce an ɗauki abin a matsayin lalura mai bukatar lokaci, an kuma san mace tana da hakki a ciki. In malami zai karantar da wannan a zaure, me zai hana mu faɗa wa likita a ɗakin duba marasa lafiya?

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata mu ne idon iyayenmu. Mu ake kira mu karanta kati, mu ake aike kemis, wasunmu kuma gobe su ne likitoci da malaman asibiti da shugabannin ƙananan hukumomi. Saboda haka ina roƙon abu biyar.

Na ɗaya, kowa a zauren nan ya je a auna jininsa cikin wannan wata, ya rubuta lambar ya ajiye. Ƙuruciya ba ta hana hawan jini, musamman ga wanda iyayensa suke da shi.

Na biyu, 'yan gari ɗaya su haɗa kuɗi su sayi ma'aunin jini mai batir, su tafi da shi gida lokacin hutu, su auna dattawa a ƙofar masallaci da bakin kasuwa. Wanda aka sami nasa ya hau a ranaku biyu, a raka shi asibiti.

Na uku, in ka raka babba wurin likita, ka ba su wuri. Ni na yi wannan kuskure, na tsaya a kan Baba ina riƙe da kati, yaya za a yi ya buɗe baki a gaban ɗan cikinsa? In kuma kana jin nauyin yi masa zancen, nemi amininsa ko abokin wasansa ka sanar da shi, shi ya san ta inda zai ɓullo.

Na huɗu, ga masu karatun likita da jinya: ku riƙa yin tambayar da kanku. Dattijon ƙauye ba zai fara ba. Kalma ɗaya ta isa, kamar a ce, "Baba, wannan magani yakan taɓa ƙarfin wasu, in ka ga canji kada ka bari, ka dawo in sake maka wani." A faɗe ta cikin natsuwa, tare da tabbatar masa cewa mafi yawan mutane ba sa ganin kome, don kada tsoro ya yi aikinsa.

Na biyar, ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya su sa ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, cikin tsarin ayyukanmu na shekara, a gayyato likitoci, a auna ɗalibai da masinjoji da masu gadi da direbobi kyauta.

Malam Shugaba, da na je gida hutun da ya wuce na tarar da Baba a zaure, maganarsa ta fara dawowa. An sake masa magani, yana sha kowace safiya, amarya ce take miƙa masa da ruwa. Na gaya masa zan yi wannan jawabi, na nemi izninsa, na yi alkawari ba zan ambaci sunansa ba. Ya daɗe yana kallon sandarsa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, faɗa musu. Ka ce kada kowa ya ajiye magani bai tambayi wanda ya ba shi ba." To, na isar da saƙo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana iyayenmu, ya sa mu amfana da abin da muka ji.